Ɗan itacen da ake kira ruhin gogen Turai

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku matso kusa, ku leƙa ta wannan tsagar da ke jikin bayolin, wato gogen Turai. Kun hango wani ɗan itace a tsaye can ciki, kamar guntun fensir? Kaurinsa kusan milimita 6 ne kacal. Babu gam a jikinsa, babu ƙusa, matsi ne kawai ya riƙe shi tsakanin allon sama da na ƙasa. Mutanen Italiya suna ce masa anima, ma'ana ruhi. Ranar da ya faɗi, muryar gogen ta shaƙe ke nan, kamar ta mai mura.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge a ƙasar Hausa ya riga ya san rabin zancen. Izgar doki ce ake goga wa ƙaro don ta yi kamu. Idan aka ja ta a kan tsirkiya, sai ta kama, ta saki, ta sake kamawa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. A tsirkiyar bayolin da makaɗa ke daidaita sautinsu da ita, sau 440 ne. Sai dai namu gogen tsirkiyarsa ɗaya ce, ƙwarya da fata ke fitar da amo. Bayolin kuwa tsirkiya huɗu gare shi, jikinsa duk katako.

To ina aikin ruhin? Ku dubi jakin da tsirkiyoyin suka hau kansa, ƙafa biyu gare shi. Ruhin yana tsaye dab da ƙafa ɗaya, ya tokare wannan gefen. Sai jakin ya riƙa rangaji, ɗaya ƙafar tana girgiza allon sama kamar fatar ganga, girgizar kuma ta bi ta ruhin ta sauka allon ƙasa. Ga shi kuma yana taya ɗaukar nauyi, domin tsirkiyoyin nan jan da suke yi ya haura kilo 20, allon sama kuwa kaurinsa bai fi milimita 3 ba.

Wannan siffa ta kankama ne a Kiremona, wani gari a bakin kogin Po a arewacin Italiya, a hannun Andrea Amati cikin ƙarni na 16. Annobar 1630 ta kashe ɗansa Girolamo, ta bar jikansa Nicolò, wanda ya buɗe ƙofa ya karɓi almajirai daga wajen dangi. A garin ne Antonio Stradivari ya yi ta sassaƙa har ya rasu a 1737, yana da shekara fiye da 90. Ana ƙiyasin ya ƙera kayan kiɗa kusan 1,100, kimanin 650 suna nan har yau. Abin da ya sa suka daɗe haka har da gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabbobi: yana barin a ɓamɓare allo a yi gyara, a mayar, ba tare da an fasa katakon ba.

Kuɗinsu fa ba a magana. A 2011 an sayar da ɗaya, mai suna Lady Blunt, ƙirar 1721, a kan fam miliyan 9.8, aka ba da kuɗin don agaza wa waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Japan.

Shin muryarsu ta fi ta sababbi? A 2012 mai bincike Claudia Fritz da maƙerin goge Joseph Curtin sun tara ƙwararrun makaɗa 10 a Faransa. Aka sa musu baƙin tabarau, aka ajiye musu tsofaffin gogen Italiya 6 da sababbi 6. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai ɗauka ya tafi wasa da shi, 6 daga cikinsu sabo suka zaɓa. Da aka ce su faɗi wanne ne tsoho, cankarsu ba ta wuce ta mai dace ba.

Ni wannan sakamako ya yi mini daɗi ƙwarai. Bai rage wa Stradivari komai ba, ai tsarinsa ne ake bi har gobe. Amma ɗalibin da ke koyo da gogen aro ya san cewa kyakkyawar murya ba ta ƙare a 1737 ba, kuma masu sassaƙar da ke zaune a Kiremona yau hannunsu bai gaza ba.

Ku shiga ɗaya daga cikin shagunansu ku gani. Makaɗiya ta kawo gogenta, ta ce sautin ya yi kaushi. Maigidan ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta tsagar nan, ya ƙwanƙwasa ruhin a hankali, ya gusa shi tazarar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta ɗora a kafaɗa ta ja izga. Ta girgiza kai. Ya karɓa, ya sake taɓawa, ya miƙa mata. Ta ja, ta lumshe ido, ta ce masa ya bar shi a nan.