"Aiki Ya Yi Kyau": Da Wane Mudu Aka Auna?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na ko? Yauwa.

Akwai wata magana da mu likitocin tiyata muke yawan faɗa in mun fito daga ɗakin aiki, dangi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, sai mu ce "Alhamdulillahi, aiki ya yi kyau." To da wane mudu muka auna? Wani likitan in mara lafiya ya farfaɗo daga allurar barci shi ke nan ya rubuta nasara, wani sai ranar sallama, alhali bawan Allah na iya komawa gida bayan sati biyu ɗinki ya yi ruwa, ya je kemis ko wani asibitin daban, mu kuma a fayil ɗinmu har gobe yana nan a "lafiya lau". Kowa ya san mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, in ba a daidaita ba ai ciniki rigima ne.

Kuma ba yau aka fara ba. A Boston ta Amurka an yi wani likita Ernest Codman, shi kati yake buɗe wa kowane mara lafiya, ya rubuta me aka yi masa, ya bi shi har shekara guda ya ga ya warke ko bai warke ba, in bai warke ba laifin waye. Abokan aikinsa suka tsane shi, wallahi. A 1914 ya ajiye aiki a babban asibitin Massachusetts, a nasa ɗan asibitin kuwa, mutum 337 da ya sallama daga 1911 zuwa 1916, kuskure 123 ya lissafa, ya buga kowa ya gani. Ku gaya min tsakani da Allah, wa zai iya haka a cikinmu? Ni kaina sai na yi tunani tukuna.

Mudun da na fi so na auna matsalar bayan tiyata shi ne na wasu likitocin tiyata, Clavien da Dindo, wanda suka fitar a Zurich ta Switzerland a 2004, mataki biyar ne kawai. Ba ya tambayar ra'ayinka, abin da yake tambaya me aka yi don gyara matsalar. In ɗan maganin ciwo ko na amai ne, mataki na ɗaya. In sai da aka ƙara jini ko aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na biyu. An sake taɓa shi da wani aikin, na uku, ya kai sashen masu tsananin ciwo, na huɗu, na biyar rasuwa. Kun ga babu wurin cewa "ai 'yar ƙaramar matsala ce."

To a nan Afirka fa? A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a ƙasashe 25 har da Najeriya, marasa lafiya sama da dubu 11. Kusan ɗaya cikin biyar ya samu matsala bayan aiki, kashi 2.1 cikin ɗari suka rasu, ninki biyu na abin da ake gani a duniya, kuma mutanenmu sun fi ƙuruciya fa. Abin da ya fi tsaya min a rai, kusan dukkansu ba ranar tiyatar suka rasu ba, a kwanakin baya ne a kan gado, inda nas ɗaya take fama da ɗaki guda cikin dare. Da ba a ƙirga iri ɗaya ba, da har yanzu wuƙar likita muke ta zargi. Kuma waɗanda suka rasu a cikin asibiti kaɗai aka ƙirga.

Shi ya sa nake cewa ba sai mun jira kwamfuta ba. Rajista guda a teburin nas, suna, irin aiki, matakin matsala, da lambar waya biyu, tasa da ta wani ɗan uwansa saboda layi yana mutuwa, ranar da ya cika kwana 30 a kira a ji yana raye, ɗinki ya kame, ya koma gona ko kasuwa.

Malama, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.