Kalmar "transform": daga taransifomar unguwa zuwa talibambam

To jama'a assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Yau kalma ɗaya tak ta Turanci za mu tattauna, transform, kuma abu uku zan faɗa a kanta in Allah ya yarda.

Na farko, asalinta daga Latin ne, trans wato ƙetarewa, forma kuma siffa. Mu a Hausa muna da tamu wadda ni a wajena ta fi daɗi ma, rikiɗa. Ba canji kawai ba ne. Ka canza riga, wannan change ne, kai ɗin dai kai ne. Amma talibambam da ke iyo a kududdufi da 'yar wutsiyarsa, bayan 'yan makonni ya fito da ƙafafu, wutsiyar ta ɓace ya koma kwaɗo, to wannan shi ne transform.

Kuma wallahi kun san kalmar nan tun kuna yara ba ku sani ba. Taransifoma! Wancan ƙaton ƙarfen da ke gurnani a bakin layinku, wanda in ya buga sai unguwa ta kwana biyu a duhu ana karo-karo. Me ya sa aka sa mai wannan suna? Saboda yana rikiɗa ƙarfin wuta. Wutar da ke tasowa daga irin su Kainji da Shiroro a manyan layuka take zuwa, bolt 330,000, kun ga in aka shigo da wannan ɗakinku ai ba fanka ba har rufin kwano sai ya narke. Sai a yi ta sauke ta mataki-mataki, 132,000, 33,000, 11,000, sai namu na unguwa ya mai da ita 415, a raba wa gidaje wajen 230. A cikinsa ba komai sai waya da aka nannaɗe a jikin ƙarfe, nannaɗi biyu, ɗaya ya fi ɗaya yawa, da mai da ke sanyaya shi. Dabarar kuwa tun binciken Michael Faraday ne a Ingila, 1831. Wutar dai ita ce, siffarta ce ta sauya. Ku riƙe wannan, siffarta ce ta sauya. Kai ɗan'uwa mai jar hula, barci kake ko tunani?

Ina muka tsaya, na biyu ko na uku? To ko ma wanne ne, kalmar transform a Turanci into take ɗauka. The rain transformed the desert into a garden, wato ruwan sama ya rikiɗa hamada ta zama lambu. Yara sai su rubuta "to" maimakon into, a jarrabawa a ja musu layi. Kuma ba a kashe ta a ƙaramin abu, ka yi aski ka ce an transforming ɗinka, haba.

Na'am, 'yar'uwa, ɗaga murya. Tana tambaya wai taransifa da ake yi a banki ko ita ma nan ta fito? Tambaya mai kyau. Uwa ɗaya suke amma uba daban, trans ɗin ɗaya ne, sai dai fer ɗin daga ferre yake, ɗauka. Kuɗinki ya ƙetare daga asusunki zuwa na mai shago, dubu biyar ɗin nan tana nan dubu biyar, ba ta rikiɗa ta zama komai ba. Haka ma'aikacin da aka yi wa taransifa daga Kano zuwa Gusau, da halinsa zai tafi. Af, ga ladan can ya fara, sai mu tashi.