Jirgin Quanzhou: Ziyarar Gidan Tarihin Jiragen Ruwan Ƙasar Sin

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. A wannan shiri za mu kai ku birnin Quanzhou da ke lardin Fujian, a gaɓar tekun kudu maso gabashin ƙasar Sin, inda aka kafa gidan adana tarihin zirga-zirgar teku tun shekarar 1959. Gidan ya rabu wuri 2: akwai sabon ginin da aka buɗe a 1991, wanda aka zana shi da siffar jirgin ruwa mai filafilai, akwai kuma wani zaure a harabar tsohon wurin ibadar mabiya Buddha da ake kira Kaiyuan. Yawancin baƙi sabon ginin suke fara nufa, amma mu daga zauren za mu soma, domin a nan ne abin da ya fi komai daraja yake kwance.

Idan mutum ya shiga zauren, abin da zai tarar shi ne gangar jikin wani jirgin katako, baƙi wuluk saboda tsufa, ba rufi, ba jigon filafili, ba ado ko kaɗan. An gano shi a 1973 cikin laka a bakin tashar jiragen ruwa ta Houzhu da ke kusa da Quanzhou, aka tono shi a 1974, sannan aka kwance shi katako bayan katako aka kawo nan aka sake haɗawa. Abin da ya rage na jirgin ya kai tsawon mita 24.2 da faɗin mita 9.15, kuma wannan ɓangaren ƙasa ne kawai, wanda laka ta binne ta kare shi daga ruɓewa. Masana sun ƙiyasta cewa a zamanin da yake kan ruwa tsawonsa ya kai kimanin mita 34, yana kuma iya ɗaukar kaya wajen tan 200. Jirgin fatake ne, babu sunan wani sarki ko jarumi a jikinsa, kuma a ganina wannan ne ya ƙara masa ƙima, domin shi ne yake nuna yadda talakawan masassaƙa da matuƙa suka yi aikinsu.

Mu matso kusa mu dubi katakon. Ƙasan jirgin tsukakke ne, ya yi tsini zuwa ƙasa, don ya tsaga igiyar ruwa ya kuma zauna daram a teku mai zurfi, saɓanin jiragen arewacin Sin masu shimfiɗaɗɗen gindi da aka ƙera domin ruwa mara zurfi mai yashi. Jikin kuma ba falle ɗaya ba ne: daga ƙasa katako ninki 2 ne, daga gefe kuma ninki 3, an jera su wani a kan wani an ɗaure da ƙusoshin ƙarfe. Duk wata kafa da ke tsakanin katakai, da kan kowace ƙusa, an liƙe ta da wani haɗi na farar ƙasa da man itacen tung da zaren rama, wanda idan ya bushe yakan taurare ya hana ruwa shiga, ya kuma rage wa ƙusa tsatsa. A mahaɗar dogon itacen da ya zama ƙashin bayan jirgin, masu tono sun ga an huda ƙananan ramuka 7 an sa kuɗin ƙarfe a ciki, da wani rami babba mai ɗauke da madubin tagulla. Al'adar masassaƙan Fujian ce, siffar taurari 7 da wata, suna neman sa'a da ita, kuma da wannan alama aka ƙara tabbatar da cewa a wannan yanki aka ƙera jirgin.

Abin da ya fi jan hankalin masu nazarin ƙirar jirage shi ne bangayen da ke ciki. Idan aka hau bene aka leƙo daga sama, za a ga bangon katako 12 sun gitta jirgin daga gefe zuwa gefe, sun raba cikinsa ɗaki 13. Hikimar a fili take: idan jirgi ya daki dutse ya fashe, ruwan zai tsaya a ɗaki ɗaya ko biyu, sauran su ci gaba da riƙe jirgin a kan ruwa har matuƙa su kwashe kaya su toshe ɓarakar. Bangayen suna kuma ƙara wa jirgin ƙarfi, suna sauƙaƙa rabon wuri tsakanin 'yan kasuwa, kowa ya san inda hajarsa take. A gindin bangayen akwai ƙananan hudoji da ke barin ɗan ruwan da ya tsattsafo ya gangara wuri guda a kwashe, idan kuwa hatsari ya auku sai a toshe su. Turawa ba su rungumi wannan dabara sosai ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18, ga shi kuwa yau babu wani babban jirgin ƙarfe da ake ƙerawa ba tare da ita ba.

To me jirgin ya ɗauko? A cikin akwatunan gilashi da ke kewaye da zauren an baje abin da aka tsamo daga ɗakunan nan. Mafi yawa itacen ƙamshi ne na turaren wuta, sandal da makamantansa, sama da tan 2, tare da masoro da lubban da ambar da ƙoƙon kunkuru da wuri, wato ɗan ƙwanson tekun nan da ake amfani da shi a matsayin kuɗi a da. Akwai ƙananan alluna na katako masu rubutu, waɗanda ake ɗaura wa kaya don a san mai shi, akwai kuma 'ya'yan darar Sinawa da matuƙa ke kashe lokaci da su a tsakiyar teku. Kusan duk kayan nan ba a Sin ake samunsu ba, wanda ya nuna cewa jirgin dawowa ya yi daga kudu maso gabashin Asiya, har ya iso gida kafin ya nutse. An kuma samu kuɗin tagulla 504, waɗanda mafi sabunta a cikinsu an buga su ne a farkon shekarun 1270, shi ya sa ake ganin jirgin ya nutse wajen 1277. A daidai lokacin ne daular Song mai mulkin kudancin Sin ke rushewa a hannun mayaƙan Mongol, kuma wani attajiri Musulmi mai suna Pu Shougeng, wanda ke riƙe da harkar cinikin teku a birnin, ya miƙa Quanzhou ga sababbin masu mulki. Wasu masana na ganin rikicin ne ya sa aka bar jirgi da kayansa ba a sauke ba.

Wanda yake son ganin ɗaya fuskar cinikin, wato kayan da ake fita da su, sai ya je tsibirin Hailing a lardin Guangdong, inda aka ajiye jirgin da ake kira Nanhai na 1. An gano shi a 1987, aka ɗago shi ɗungurungum cikin wani ƙaton akwatin ƙarfe a 2007, aka same shi maƙare da tangaran da kayan ƙarfe, abubuwa sama da 180,000.

Yanzu mu koma sabon ginin. A nan akwai zauren da aka jera samfurin jirage sama da 100, tun daga kwalekwalen da aka fafe daga gungumen itace da gadon gora mai yawo a kan ruwa, har zuwa manyan jiragen teku. Abin lura a jikinsu shi ne filafilin: ana gitta masa sandunan gora daga sama har ƙasa, don haka ana iya naɗe shi ko a buɗe shi da igiya daga kan jirgi ba sai an hau sama ba, kuma ko ya yage a wuri ɗaya sauran zai ci gaba da kama iska. Za a ga abin juya akalar jirgi a manne a baya, wanda a wasu jiragen ake iya ɗaga shi idan an shigo ruwa mara zurfi. Jiragen Fujian kuma ana zana musu manyan idanu a goshi. Game da kamfas, wani marubuci mai suna Zhu Yu ya rubuta wajen shekarar 1119 cewa matuƙa suna duba taurari da dare, su dubi rana da yini, idan kuma gari ya yi hadari sai su koma ga allura mai nuna kudu, kuma wannan na daga cikin bayanai mafi daɗewa a duniya kan amfani da kamfas a teku.

Duk da haka, iska ce ke da iko da tafiya. Da hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas, sai jirage su tashi zuwa kudu. Da bazara ta juyo daga kudu maso yamma, sai su kamo hanyar gida. Wanda lokaci ya kuɓuce masa sai ya zauna a baƙuwar ƙasa har wata shekara. Saboda muhimmancin wannan ne jami'an gwamnati suka riƙa hawa dutsen Jiuri da ke wajen gari suna bikin roƙon iska, kuma rubuce-rubuce 10 da suka sassaƙa a jikin dutsen tsakanin 1174 da 1266 suna nan har yanzu. Daga cikin waɗannan jami'ai akwai na ofishin kula da cinikin teku, wanda aka kafa a Quanzhou a 1087 don ba jirage izinin fita da karɓar haraji. Ɗaya daga cikin shugabanninsa, Zhao Rugua, ya riƙa yi wa baƙin fatake tambayoyi, har a 1225 ya tattara littafi mai bayanin ƙasashe masu nisa, ciki har da Masar da Zanzibar, alhali bai taɓa taka su ba.

Larabawa da Farisawa suna kiran wannan birni Zaitun. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Tanja ta Maroko, ya iso shi a tsakiyar shekarun 1340, ya ce tasharsa na daga cikin mafiya girma a duniya, ya ga manyan jirage wajen 100 a cikinta, ƙananan kuwa ba su ƙirguwa. Shi dai wannan bawan Allah ne, 'yan shekaru bayan haka, ya ratsa Sahara zuwa Mali, ya biyo ta Takedda da ke cikin Nijar ta yau a 1353, ya kuma ambaci Gobir da Borno a matsayin wuraren da ake kai tagullar garin. Ya ga wuri ana tara shi a tsibiran Maldives, ya sake ganinsa ana ciniki da shi a Mali da Gao. Saboda haka wurin da ke cikin akwatin gilashi a Quanzhou da wanda kakanninmu suka yi saye da sayarwa da shi a kasuwar Kurmi ta Kano, haja ɗaya ce da ta bi hanyoyi daban-daban.

Sashen da ya fi taɓa zuciya, a wurina, shi ne na duwatsun kaburbura. Lokacin da ake rushe ganuwar birnin a farkon rabin ƙarni na 20, an riƙa cin karo da duwatsu masu rubutun baƙin harsuna, sai wani malamin makaranta mai suna Wu Wenliang ya duƙufa yana bi yana tattara su, daga baya ya mallaka wa gwamnati. Mai karatun allo zai tsaya a gabansu ya karanta da kansa, domin da Larabci aka rubuta mafi yawansu: ga Bismillah, ga ayar da ke cewa kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, ga sunan mamaci da na mahaifinsa da shekarar Hijira, ga kuma garin asalinsa, Tabriz ko Isfahan ko Bukhara ko wani yanki na Yaman. A kan da yawa daga cikinsu an maimaita magana guda, cewa wanda ya rasu a baƙunci ya yi shahada. Allah ya jiƙansu. A gefensu akwai duwatsun Kiristoci masu gicciye a kan furen ruwa, da dutsen kabarin wani bishop ɗan Italiya mai suna Andrew na Perugia, da sassaƙe-sassaƙen Hindu na fataken Tamil. Masallacin Qingjing, wanda aka gina a 1009, yana cikin gari, kuma zuriyar waɗancan baƙi, irin su dangin Ding na Chendai da dangin Guo na Baiqi, suna zaune a yankin har gobe.

Babu gidan tarihin teku a Sin da zai tsallake Zheng He, Musulmi ɗan Yunnan da ya jagoranci tafiye-tafiye 7 na daular Ming tsakanin 1405 da 1433, wanda ayarinsa na farko ya ƙunshi mutum sama da 27,000, jiragensa kuma suka kai gaɓar Afirka ta gabas. A 1417 ya ziyarci kaburburan Musulmi da ke dutsen Lingshan a Quanzhou, an kuma kafa allon dutse na tunawa da ziyarar. Sai dai ya kamata mai kallo ya yi hattara da samfuran manyan jiragensa: tsofaffin littattafai sun ba su tsawon da ya haura mita 120, amma masana da dama suna shakkar jirgin katako mai wannan girma ya iya jure teku, kuma ba a tono ko ɗaya ba. Jirgin Houzhu kuwa ga shi ana gani da ido, ya kuma girmi ayarin Zheng He da fiye da shekara 120.

Ƙarshen zamanin Quanzhou ya zo ta fuskoki da yawa. Tawayen sojoji 'yan asalin Farisa tsakanin 1357 da 1366 ya ƙare da kashe-kashen da suka tarwatsa al'ummar baƙi, daular Ming ta haramta wa talakawa cinikin teku tun 1371, yashi ya riƙa cike tashar, sannan a 1472 aka mayar da ofishin ciniki zuwa Fuzhou. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya wurare 22 na birnin cikin jerin kayan gadon duniya. Ita kuwa sana'ar ƙera jirgi mai ɗakuna, tun 2010 hukumar ta sanya ta cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa, saboda jiragen ƙarfe sun karɓe kasuwa, katako mai kyau ya yi tsada, kuma tsofaffin masassaƙan da suka iya aikin daga farko har ƙarshe 'yan ƙalilan ne suka rage a Fujian, a garuruwa irin su Jinjiang da Ningde, inda ake biyan wasunsu don su koya wa matasa.