Ƙurar zinare ta tona asirin feroksayid

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Gilasgo ta ƙasar Sukotland. Ruwa ake yi tun asuba, amma ni yau bakina ya ƙi rufuwa. Muna gwajin gano haidirojin feroksayid ne da ƙurar zinare da hasken leza. Ku dubi allon nan, zanen hasken da ke dawowa daga ruwan gwajin ne. Kun ga tsinin da ya tsiro a zanen wajen lamba 880? Kafin a ɗiga haidirojin feroksayid babu shi. Feroksayid ɗin nan dai da ake wanke ciwo da shi a kemis, jikinmu ma yana haɗa shi kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa ya illata ƙwayoyin halitta.

Ga kwalbar, jawur kamar zoɓo, har ta sa ni kewar gida. Zinare ne a ciki. Ana tafasa gishirin zinare, wanda giram ɗaya ya haura fam 100, a zuba sitiret, wani gishirin sinadarin tsamin lemo, sai zinaren ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi. Rage sitiret, ƙwayoyin su girma; nanomita 50 zuwa 60 muke so (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Sai a lulluɓe su da 3-MPBA, wani sinadari mai salfa a gefe ɗaya da boron a ɗaya gefen: gefen salfa ya damƙe zinare, gefen boron ya leƙo waje. Feroksayid na zuwa ya cire boron ya bar OH (iskar oksijin da haidirojin a haɗe) a gurbinsa, sai zanen hasken da leza mai tsawon zango nanomita 785 ke dawowa da shi ya canza.

Hasken da ke dawowa ɗin nan watsuwar Raman ake ce masa. Raman, Ba'indiyen da ya gano wannan watsuwar haske a 1928, ya ci Nobel a 1930. Hasken rauni gare shi ƙwarai, zinaren ne ke ninka shi.

To ku saurare ni da kyau. Kada ku yarda da tsayin tsini shi kaɗai, ku raba tsayin na 880 da tsayin wani tsinin da ke wajen 1000, domin yawan ƙwayoyin da leza ke haskawa ba ya zama ɗaya. Gishiri ya yi yawa a ruwan gwaji, ƙwayoyin su dunƙule, ja ya koma shuɗi, su kwanta a ƙasa. Ruwan ya karkata ga asid, cire boron ɗin ya yi nawa. Sukari ma yana maƙale wa boron, don haka ku kula da shi.

Abin da ya fi damuna feroksinaitirait ne, wani sinadarin da jiki ma ke haɗawa. Shi ma yana cire boron, kuma ya fi feroksayid sauri nesa ba kusa ba. Don Allah kafin ku ce feroksayid kuka gani, ku maimaita gwajin da katalas a ciki, wato sinadarin da ke rusa feroksayid. In tsinin ya ƙi fitowa, to feroksayid ne. In ya fito, wani abu ne daban.