Ƙarar da ke fitowa daga ƙarƙashin motar rimot

Auwal: Jama'a barkanmu da warhaka. Malam Isa, tun da aka dawo daga bakin ruwa a Lekki maganar ɗaya ce a bakin kowa: mota tana ƙas-ƙas.

Malam Isa: Ai dole. Amma kafin kowa ya sayi komai, a ɗaga motar, taya huɗu a sama. A kwance ƙaramar giyar da ke kan injin, piniyon, a ba injin totur shi kaɗai. In ƙarar tana nan, boris ɗin injin ne. In ta ɗauke, a juya babbar giyar roba da yatsa a hankali, a kasa kunne.

Habu: Wani daga Agege ya ce tasa kuka take, ƙiii, injin kuma yana zafi.

Malam Isa: Ya matse giyoyin biyu da yawa. A yago siririyar takardar littafi, a sa tsakanin haƙoran, a danna injin, a ɗaure sukurorin, sannan a juya takardar ta fito. Za ka ji ɗan wasa kaɗan tsakaninsu, shi ake so. In ya yi sako-sako kuma, haƙoran robar ne za su cinye. Kuma a duba lambar girman haƙori: giya mai 48 ba ta shiga da mai 32, ko da ido ya ga kamar sun dace. Injin da ya haura digiri 70, a tsaya.

Auwal: To ƙas-ƙas ɗin fa?

Malam Isa: Yaushe take yi? Nan ne maganar. In sai ka yi kwana, sandunan da ke kai wa taya ne, fil ɗin ya ci ko kofin da sandar ke shiga ya yi rami. In kuma lokacin da ka danna totur ne ko ka ja birki, difarenshal ne, wato giyoyin da ke raba gudu tsakanin tayoyi biyu, haƙori yana tsallake haƙori. Riƙe taya ɗaya ka juya ɗayar, gaba daban, baya daban, za ka ji inda yake cijewa. A buɗe. In haƙori bai karye ba, wosha siririya ta milimita 0.1 ko 0.2 a bayan ƙaramar giyar difarenshal ɗin ta isa ta matso da ita.

Habu: Malam, ni fa ina ganin giris ɗin mota na kasuwar Ladipo ya isa a cika difarenshal.

Malam Isa: A waje, kan haƙoran ƙarfe, na yarda, ɗan kaɗan. A cikin kofin difarenshal ɗin man silikon ake zubawa.

Habu: Amma giris giris ne.

Auwal: Yaya Habu, kaurinsa ne aikin. Man silikon mai lambar kauri 10,000 da mai 50,000 ba kwana ɗaya suke yi ba.

Habu: To WD-40 fa? Kowa na da shi a gida.

Malam Isa: Yana wanke giris ɗin da ke cikin boris. Yau shiru, jibi gurnani.

Habu: Man keken ɗinki?

Malam Isa: Wannan ya fi, ɗigo ɗaya a boris. Amma kada ya taɓa babbar giyar roba. A buɗe take, yashi zai manne ya zama kamar sanfefa.

Habu: Man inji kuma?

Auwal: Za mu kwana a nan! Malam, boris ɗin.

Malam Isa: Yashi da ruwan gishiri su ne ajalinsa. Ciro shi, sa a kan fensir, juya. Ka ji ƙurus-ƙurus ko ka ga jan tsatsa a gefe, a jefar. Da yawa girmansu milimita 5x11x4 ne, amma a auna, a sayi mai murfin roba. Sannan in inji yana ihu mota ba ta gaba, ko kuloc ya saki, ko ɗan sukurun piniyon ya kwance. A ɗaure shi a kan shafaffen gefen sandar injin, da ɗigon shuɗin gam na sukuru. Shi kuwa karkarwar da inji marar burushi yake yi in za a tashi a hankali, in ba shi da sensa, halinsa ne, kada a buɗe komai.

Auwal: Mun so mu taɓa farfelar tsakiya, lokaci ya tafi.

Malam Isa: Mirgina ta a kan gilashi, in ta lanƙwashe za ta nuna.

Auwal: Sauran sai mako mai zuwa. A turo mana ƙarar a murya, a faɗi lokacin da take yi.