Gubar dalma: abin da ke cikin ƙwayar jini da abin da ke tsakar gida

Masu kallonmu, assalamu alaikum. Daga birnin Sakkwato muke kawo muku wannan shiri, kuma yau za mu duba yadda fannonin bincike biyu da ake ganin sun yi hannun riga suke haɗuwa a kan matsala guda. Na farko shi ne nazarin ƙwayar halitta, wanda ake yi a ɗakin gwaji. Na biyu kuwa nazarin zaman ɗan Adam da muhallinsa ne ta fuskar tarihi da al'ada da tattalin arziki. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, kowane fanni da tsangayarsa, kamar yadda yake a yawancin jami'o'i. Amma abin da ya faru a Zamfara, wadda take cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996, bai san da wannan rabo ba.

A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaran kan fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga da suma, don haka da farko aka zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. Gwajin jini ne ya nuna dalma ce, kuma yaran da suka rasu sun kai 400 aƙalla.

Me dalma take yi a jiki? Jikin mutum ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan, to amma tana yin shigar burtu, ta bi ƙofofin da ƙwayar halitta ta tanadar wa sinadarin kalsiyam da na ƙarfe. Yaron da abincinsa ya gaza a waɗannan sinadarai, hanjinsa ya fi zaƙuwa wajen tsotsa, sai ya kwashi dalmar tare da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa abin da ƙaramin yaro ke tsotsa daga dalmar da ya haɗiya ya ninka na babba sau huɗu zuwa biyar. Idan ta isa ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, sai ta daƙile sinadaran da ke haɗa hemogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki, daga nan sai ƙarancin jini. Mai gwaji da ya shafa ɗigon jinin irin wannan yaro a gilashi, ya rina shi, ya sa a na'urar ƙara girma, yakan ga ɗigo-ɗigo masu launin shuɗi a warwatse cikin jajayen ƙwayoyin, waɗanda ba a ganinsu a jinin mai lafiya. A ƙwaƙwalwa kuma tana dagula saƙon da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna, idan ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura. Ragowar takan maƙale a ƙashi da haƙori shekara da shekaru, har ta sake fitowa cikin jinin mace lokacin da take da juna biyu, ta kai ga ɗan da ke ciki.

Duk wannan bayani bai amsa tambaya ɗaya ba: yaya aka yi dalma ta shiga bakin yaro mai rarrafe wanda bai taɓa zuwa ramin haƙar ma'adinai ba? A nan ne masu nazarin zamantakewa suke shigowa. A wancan lokaci farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowane oza a kasuwar duniya, manomin da ba shi da abin yi da rani kuma ya ga hanyar samu a haƙar zinariya a bayan gari. Duwatsun da ake haƙowa suna da dalma mai yawa, kuma ana kawo su cikin gari a buhuna. Matan da ke cikin kulle suna samun nasu rabon aikin a tsakar gida, suna daka dutsen a turmi, wasu wuraren kuma a niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi. Ƙurar ta sauka a kan tabarma da kwanon abinci da ƙasar da yaro ke wasa, yana kai hannu baki. A wasu gidaje an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce.

Magani ma bai tsaya a asibiti ba. Akwai ƙwayar maganin da ke kama dalma a jini ta fitar da ita ta fitsari, sai dai aikin banza ne a ba yaro ita a mayar da shi gidan da ya kwaso gubar. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida an zuba sabuwa, kuma ba a shiga gidan mutum da shebur sai da yardarsa da ta hakimi da mai unguwa. A ganina, wanda ya ce a hana haƙar kawai bai fahimci lamarin ba, domin mai neman abin sawa a bakin salati ba zai daina ba, ɓoyewa zai yi, ya kuma ɓoye yaron da ya kamu. Garin Bagega, inda yaran da abin ya shafa suka fi yawa, sai a 2013 aka fara aikin tsabtace shi, bayan matasa 'yan fafutuka sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. A 2015 kuma irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

A nan Sakkwato akwai tambayar da ta fi kusa da mu, wato tozali. Baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a yi shi sau da yawa ma'adinin dalma ne, kuma ana ranbaɗa wa jarirai tun suna cikin zanen goyo. Ɗakin gwaji zai iya auna yawan dalmar da ke cikin tozalin da aka sayo a kasuwa, da wadda ke jinin jaririn. Amma sanin inda 'yan koli suke samo dutsen, da dalilin da ya sa kaka take ganin idon jikanta ba zai yi ƙarfi ba sai da shi, da irin abin da za ta yarda a musanya mata da shi, wannan sai mai binciken da ya zauna da matan a cikin gida ya saurare su.