Sawun gishiri a jikin dutsen Ingila

Salamu alaikum mutanen Maraɗi, ina gajiya? Yau daga bakin kogin Severn nake magana, wani wuri da ake kira Aust, kusa da Bristol. Ku dubi gangaren nan, ja wur. Laka ce da ta zama dutse tun fiye da shekara miliyan 200, zamanin da Ingila take ƙasar zafi da fari.

Bari in matso da kamara. Kun ga 'yan ƙulle-ƙullen nan masu kusurwa huɗu a ƙarƙashin falalen? Ba gishiri ba ne, ko ka lasa ba za ka ji komai ba. Tabki ne ya ƙafe, kamar yadda tabkunanmu ke yi da bazara, gishiri ya fito cikin laka. Da ruwa ya dawo sai ya narkar da shi, rairayi ya cike gurbin, ya ɗauki siffarsa. Wannan ɗin ma ya fi burge ni: tsakiyarsa a lotse, hawa-hawa, domin gefen ƙwayar gishiri ya fi tsakiyarta saurin girma idan ruwan ya yi kauri ƙwarai.

Kayan aikin fili ba su da yawa: guduma, gilashin hannu mai ninka abu sau 10, ma'auni, littafi. Sai haƙuri. Da tsakar rana da wuya ka ga ƙulle-ƙullen nan. Hasken safe ko na la'asar, mai zuwa a karkace, shi ke tona su. Kafin ka ɗaga dutse kuma ka zana masa alamar sama da ƙasa, in ba haka ba malamin laboratuwar zai sallame ka.

A can ake yanko ɗan ɓallin dutsen, a manna a gilashi, a goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske na ratsa shi, a duba abin da ya cike gurbin. Idan kuwa gishirin ne da kansa, irin wanda ake haƙowa a garin Winsford na nan Ingila, ba a kusantarsa da ruwa, da mai ake yankawa. A cikinsa akwai ɗigo-ɗigon ruwan tabkin na asali a kulle, su ake aunawa a san zafin ruwan da sinadaransa.

Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wanda ya samu hanyar Bilma ko Dallol Foga ya ɗauko mana hoton lakar wurin da ake gishiri. Ni zan hau, ruwan Severn ya fara cikowa, kuma ba ya jira.